Muhawara: Dandalin Sultan Ahmad na Santambul, gadon wane ne?

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina so in kawo wata magana da ta tsaya mini a rai tun da na ziyarci Santambul ta ƙasar Turkiyya, domin na san a wannan zaure akwai waɗanda suka fi ni sanin tarihi nesa ba kusa ba. Mai zuwa Masallacin Sultan Ahmad yakan ratsa wani dogon dandali kafin ya shiga harabar masallacin. A tsakiyar dandalin akwai abubuwa uku a jere kamar an ja musu layi: wani dogon jan dutse mai tsini da rubutun Fir'aunonin Masar a jikinsa, sai wani guntun ƙarfe a murɗe kamar igiya, sai kuma wata hasumiya ta tubalan dutse da duk jikinta ya yi huji. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne kowannensu a cikin rami yake tsaye, an kewaye shi da shinge, sai ka leƙa kafin ka ga gindinsa. Mafi yawan masu ziyara, har da ni a ranar farko, hoto kawai suke ɗauka su wuce. Tambayata biyu ce. Me ya kawo dutsen Fir'auna ƙofar masallaci? Kuma idan aka ce wannan dandali wurin tarihi ne, tarihin wane ne, na Musulmin da suka gina masallacin ko na waɗanda suka riga su?

Hajiya Maryam:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Tambayarka ta farko sai an juya ta kafin a amsa, domin ba dutsen ne ya zo ƙofar masallaci ba, masallacin ne ya zo ya tarar da dutsen, kuma ya tarar da shi ya riga ya shafe fiye da shekara 1,200 a tsaye a wurin. Filin da ka ratsa asalinsa fagen tseren karusai ne na Rumawa, wanda suke kira Hipodurom. Sarki Kustantin ne ya faɗaɗa shi ya ƙawata shi lokacin da ya mayar da birnin cibiyar daularsa, aka yi bikin ƙaddamar da sabon birnin a shekarar 330. Tsawon fagen ya kai kamar mita 450, faɗinsa kuwa kamar mita 130, bakinsa na arewa a miƙe yake inda ƙofofin sakin dawaki suke, na kudu kuma a lanƙwashe. A tsakiya aka gina wata doguwar katanga marar tsayi wadda ta raba fagen gida biyu, karusai masu dawaki hurhuɗu suna zagaya ta sau bakwai kafin a san gwani. A kan wannan katanga ne sarakuna suka jera kayan ado da suka kwaso daga sassan daularsu, kuma layin nan da idonka ya kama shi ne layin katangar. Ukun da ka gani su kaɗai suka rage a mazauninsu. Da Turkawa suka karɓi birnin a 1453 ba su ɓoye asalin wurin ba, sai suka kira shi At Maidani, wato Filin Doki, sunan Sultan Ahmad daga baya ya zo.

Injiniya Bashir:
Bari in ɗauki maganar ramukan, tunda ta shafi ɓangarenmu. Ba binne duwatsun aka yi ba, ƙasa ce ta taso ta same su. Birnin da aka daɗe ana zaune a cikinsa, gobara da girgizar ƙasa da rushe-rushe suna tara ɓaraguzai, kowane zamani ya baje ya yi gini a kai, har ƙasar ta ɗaga da mitoci. A tsakiyar ƙarni na 19 aka tone kewayen gindinsu, shi ya sa ƙasan ramin nan ya fi kusa da inda kofaton dawakin Rumawa ya taka, mu kuwa a saman tarin ƙarnuka muke yawo.

Amma Malam, da ka leƙa ramin jan dutsen da kyau, da ka ga abin da ni a wurina ya fi dutsen kansa ban sha'awa. Dutsen na Fir'auna Tutmos na Uku ne, an sassaƙo shi daga jan dutsen Aswan aka kafa shi a Karnak, wurin bauta a ƙasar Masar, kusan shekara 1,450 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma rubutun da ke jikinsa kirarin yaƙi ne, har da ambaton ƙetare kogin Furatu da ya yi. Sarki Tiyodosiyus ne ya sa aka kafa shi a nan a shekarar 390. Abin da ke tsaye yau bai cika mita 20 ba, domin ɓangaren ƙasansa ya ɓata tun kafin a kafa shi, kuma ba a kan gindin yake zaune kai tsaye ba, a kan wasu dunƙulen tagulla huɗu yake, ɗaya a kowace kusurwa. A jikin gindin kuwa magina sun zana aikinsu da kansu: ga dutsen a kwance, ga igiyoyi, ga mutane suna juya na'urar ja. Sama da wannan an sassaƙa sarki da iyalinsa a rumfar kallo, yana riƙe da kambin da za a ba wanda ya ci tsere, a ƙasansu makaɗa da 'yan rawa. Akwai rubutu biyu, na Latin ya ce an ɗaga dutsen cikin kwana 30, na Girkanci ya ce 32. Ko a lokacin ma, da alama mai ba da rahoto da mai aiki ba su cika haɗuwa a lissafi ɗaya ba.

Alhaji Sani:
Na karanta bayaninku, Allah ya ƙara ilimi. Sai dai ni ina da ja. Abin da ya ɗaukaka wannan wuri a idon duniya masallatai biyu ne, na Sultan Ahmad da Ayasofiya da ke fuskantar sa. Ku cire su, ku bar duwatsun nan uku a fili, ku gani ko mutum nawa zai hau jirgi saboda su. Kuma mu faɗi gaskiya, ɗaya kirarin Fir'auna ne, ɗayan kuwa, kamar yadda na ji, abin bauta ne na masu shirka. Ban ce a rushe su ba, amma ban ga dalilin da zai sa a daidaita darajarsu da ta ɗakin Allah ba, har a ce tarihin wurin na kowa da kowa ne.

Umar:
Baba Alhaji, ku yi mini afuwa, ni ɗalibi ne mai neman sani. Wane ne daga ciki abin bautar? Guntun ƙarfen nan ne?

Hajiya Maryam:
Shi ne, Umar, kuma Alhaji bai yi kuskure ba a kan asalinsa. Abin da Malam Nasiru ya gani kamar igiya jikin macizai uku ne na tagulla da suka nannaɗe juna. Bayan Girkawa sun ci Farisawa a yaƙin Filatiya a shekara ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), sai suka ƙera shi daga ganimar yaƙin suka kai shi wurin bautarsu da ke Delfi a matsayin godiya, suka rubuta sunayen garuruwa 31 da suka yi tarayya a yaƙin a jikinsa. Kustantin ne ya ɗauko shi ya kawo nan. Saboda haka tun ranar da ya iso birnin ya tashi daga abin ibada ya koma abin ado da alfahari, domin daular da ta rungumi Kiristanci ba ta kawo shi don a yi masa sujada ba.

Inda na saɓa da Alhaji shi ne a kan yadda Musulmin da suka mulki birnin suka ɗauki waɗannan abubuwa. Daular Usmaniyya ta riƙe birnin kusan shekara 470, tana da malamai da alƙalai da Shaihul Islam, tana da ikon kawar da duwatsun nan cikin mako guda, amma ba ta taɓa su ba. Zane-zanen da masu zanen fada suka yi na bikin 1582 sun nuna macizan da kawunansu uku cif, kuma jama'ar gari ma sun ɗauka wani tsari ne da ke kare birnin daga macizai. Sai a shekarar 1700 kawunan suka karye, an kuma samo muƙamuƙin sama na ɗaya daga cikinsu, yana gidan kayan tarihi na birnin har yau. Idan waɗanda suka gina masallacin sun yarda su yi salla da duwatsun a gefensu, ina ganin ba mu ne za mu fi su kishi ba.

Malama Hadiza:
Yaya Maryam, na yarda da ke, amma kada mu nuna kamar mutanen wancan zamani ba su da iyaka. Suna da ita, kuma a wannan dandalin aka gwada ta. Ginin dutsen nan da ke yamma, daura da masallacin, fadar Ibrahim Fasha ce, babban wazirin Sultan Sulaiman. Bayan yaƙin Mohach na 1526 ya kwaso wasu mutum-mutumin tagulla daga birnin Buda na ƙasar Hangari, masu siffar allolin Girkawa, ya kafa su a gaban fadarsa. Mutanen da suka zauna da dutsen Fir'auna shekara 70 ba su ce uffan ba, su ne suka yi ta gunaguni a kan waɗannan. Wani mawaƙi ya yi masa zambo da cewa Ibrahim biyu duniya ta gani, ɗaya ya karya gumaka, ɗaya ya kafa su, kuma wannan zambo ya ci ransa, domin an kashe shi a 1532. Shi kansa wazirin an kashe shi a 1536, mutum-mutumin ma ba su daɗe a bayansa ba.

Abin da na fahimta daga wannan shi ne sun bambanta abin da suka tarar da abin da mutum ya kawo da hannunsa. Na farko sun ɗauke shi alama ce ta al'ummomin da suka shuɗe, irin waɗanda aka umarce mu mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba ƙarshensu. Na biyu kuwa sun ɗauke shi zaɓi ne na mai mulki, wanda za a tuhume shi a kai. Don haka maganar Baba Alhaji tana da tushe, sai dai mutanen da suka fi mu kishi ba a nan suka ja layinsu ba.

Alhaji Sani:
Wannan bayani na Malama Hadiza ya fi kwanta mini. In dai abin lura ne da wa'azi, ba ni da ja. Amma har yanzu ina nan a kan cewa masallacin ne ya raya wurin.

Injiniya Bashir:
Ranka ya daɗe, ya raya shi, amma ya kuma ci wani ɓangarensa, kuma ba aibi ba ne a faɗa. An soma ginin masallacin a 1609, Sultan Ahmad na Ɗaya yana saurayi ɗan shekara 19, a ƙarƙashin magini Sadafkar Mehmed Aga, almajirin shahararren magini Sinan. Wurin da aka zaɓa gefen gabashin fagen ne, inda a da kujerun 'yan kallo da rumfar sarki suke, a bayansu kuma babbar fadar sarakunan Rumawa. Sai da aka sayi manyan gidajen fadawa da ke wurin aka rushe. Tun kafin nan ma an daɗe ana kwasar duwatsu da ginshiƙan fagen ana kaiwa wasu gine-gine, kamar yadda ake yi a kowane tsohon birni. Shi ya sa dandalin yau ya fi fagen da ƙunci ƙwarai. Abin lura a wurina shi ne maginin bai hau kan tsakiyar filin ba, ya ja katangar harabar a gefe ya bar hanyar dawaki a buɗe. Da ya ga dama da ya cinye ta.

Umar:
To ni abin da ke damuna daban ne. Idan dutsen na Masar ne, macizan na Girka ne, ashe dandalin ma'ajiyar kayan ganima ce kawai. Me zai hana a mayar wa kowa kayansa? Ai na karanta cewa Italiya ta mayar wa Habasha dogon dutsen tarihi na garin Aksum a 2005, bayan ta ɗauke shi a 1937.

Dakta Aminu:
Tambayarka mai kyau ce, Umar, kuma misalin Aksum gaskiya ne, amma ka duba bambancin. Wancan sojojin mamaya ne suka ɗauke shi a ƙarni na 20, ƙasar da aka ƙwace wa tana nan, ta nema, an kuma yi alkawari a rubuce bayan yaƙi. Shi kuwa dutsen Tutmos, lokacin da aka ɗauko shi Masar lardi ce a cikin daular Rumawa, wato sarki ya kwashe kaya daga wani ɗakin gidansa zuwa wani, ko da masu ɗakin ba su so ba. Ya yi kusan shekara 1,800 a Masar, ya kuma yi fiye da 1,600 a nan. Gindin da ke ɗauke da shi a nan aka sassaƙa shi, saboda shi, kuma ba shi da wata ma'ana in an raba su. Wa za ka mayar wa, ka bar wa wane?

Kuma idan za a buɗe wannan littafi, dandalin nan ya fi kowa bin bashi. A 1204 mayaƙan Salibiyya na zango na huɗu, waɗanda suka fito da sunan nufar Ƙudus, suka juya suka afka wa birnin 'yan'uwansu Kirista suka washe shi. Mafi yawan mutum-mutumin tagulla da ke kan katangar tsakiya narkar da su suka yi suka buga kuɗi. Hasumiyar nan mai huji da Malam Nasiru ya gani, mai tsayin mita 32, a da lulluɓe take da faranten tagulla da Sarki Kustantin na Bakwai ya sa mata a ƙarni na 10, hujin nan gurbin ƙusoshin da suka riƙe su ne. Sai dawakai huɗu na tagulla da aka kwashe zuwa birnin Benis, da ke Italiya a yau, aka ɗora a gaban cocin San Marko. Napoliyon ya ƙwace su ya kai Paris a 1797, aka mayar da su a 1815, amma Benis aka mayar da su, ba inda aka fara ɗauko su ba. Yanzu na ainihin suna cikin ginin cocin, na waje kwaikwayo ne.

Malama Hadiza:
Dakta, hujjarka ta daɗewa tana ba ni tsoro kaɗan. In tsawon zamani yana halatta abu, to duk wanda ya ƙwace kaya sai ya yi ta jan ƙafa har lokaci ya wanke shi. Dawakan ma ai sun haura shekara 800 a Benis.

Dakta Aminu:
Haka ne, kuma shi ya sa ban ce a dawo da dawakan ba. Na kawo su ne don Umar ya ga igiyar tana da baki biyu. Ma'aunina ba yawan shekaru kaɗai ba ne, har da ko akwai al'umma mai rai da aka raba da abin da take amfani da shi, wadda har yanzu take jin zafin rashinsa. A Aksum akwai. A kan macizan Delfi babu mai ibadar da ke jiran su.

Malama Hadiza:
Ban gamsu gaba ɗaya ba, amma na ji. Mu bar ta a nan kada mu kauce.

Hajiya Maryam:
Ina so in dawo da mu kan tambayar Malam Nasiru ta biyu, domin mun shagala da duwatsu mun bar abin da a ganina shi ne babban kayan tarihin wurin, wato filin kansa, sararin da ba a gina komai a kai ba. Dauloli uku sun mulki wannan birni da addini daban da harshe daban, amma duk lokacin da mai mulki yake son jama'a su gan shi, ko jama'a suke son mai mulki ya ji su, nan ake zuwa.

A zamanin Rumawa fagen ne kaɗai wurin da talaka ke iya ɗaga murya a gaban sarki, ta bakin ƙungiyoyin magoya bayan tsere, musamman Shuɗɗa da Korra. A watan Janairun 532 waɗannan abokan gaba biyu suka haɗa kai a kan Sarki Jastiniyan, suna kiran kalmar Nika, wato nasara, wadda suka saba yi wa mahaya kirari da ita. Suka ƙone babban ɓangaren birnin har da cocin Ayasofiya ta lokacin, suka naɗa wani mai suna Hipatiyus sarki a cikin fagen. Jastiniyan ya yi niyyar gudu, matarsa Tiyodora ta hana shi, sai ya tura kwamandojinsa Balisariyus da Mundus da sojoji suka tare ƙofofi, aka kashe mutum kusan 30,000 a wurin da yau yara suke guje-guje. Alhaji, ka ga Ayasofiyar da kake ambato ma 'yar wannan fili ce, domin a kan tokar wadda aka ƙone aka soma gina ta bayan 'yan makonni, aka gama a 537.

A zamanin Usmaniyya nan ake wasan jifa da sanda a kan dawaki, nan aka yi bikin kaciyar 'ya'yan Sultan Sulaiman a 1530, nan kuma aka yi na ɗan Sultan Murad na Uku a 1582, wanda ya haura kwana 50, masu sana'a ƙungiya-ƙungiya suna wucewa suna nuna aikinsu, sarki yana kallo daga benen fadar Ibrahim Fasha. A 1656 kuwa sojoji suka yi bore saboda an biya su da kuɗin da aka rage wa azurfa, suka karɓi manyan fadawa suka kashe, suka rataye gawarwakinsu a wata bishiya a dandalin. A 1863 nan aka yi babban baje kolin kayan daular. A 1919, bayan sojojin Girka sun sauka a Izmir, nan dubban mutane suka taru suna zanga-zanga, marubuciya Halide Edib ta yi musu jawabi. Yau kuma nan iyalai ke shimfiɗa su sha ruwa da azumi. Duk wannan ba dutse ne ya jawo shi ba, fili ne.

Malam Nasiru:
Hajiya, wannan ya buɗe mini ido. To ƙubbar nan ƙarama mai ginshiƙai da ke bakin dandalin daga arewa fa? Na ɗauka wurin alwala ne na masallacin. Kuma mai yi mana jagora ya ce hasumiya shida na masallacin kuskure ne, wai sarki ya ce a yi ta zinariya, magini ya ji shida.

Dakta Aminu:
Labarin hasumiyar hira ce ta masu jagora, an gina ta ne a kan kamannin kalmomi biyu na Turkanci, altin wato zinariya da alti wato shida. Ka yi tunani, aikin da ya ɗauki shekara bakwai zuwa takwas, sarki yana zuwa dubawa da kansa, a ce bai lura ana kafa harsashin hasumiya shida ba? Sukar da aka yi masa da gaske ita ce ya gina masallacin da kuɗin baitulmali, alhali kakanninsa da ganimar nasara suka gina nasu, shi kuwa bai ci wani babban yaƙi ba. Ya rasu a 1617 yana da shekara 27, kabarinsa na nan a gefen dandalin.

Ƙubbar kuwa mashayar ruwa ce da ake kira ta Jamus. Sarkin Jamus Wilham na Biyu ne ya ba da ita kyauta don tunawa da ziyarar da ya kawo wa Sultan Abdulhamid na Biyu a 1898. A Jamus aka ƙera ta, aka kawo ta gunduwa-gunduwa aka harhaɗa, aka buɗe ta ranar 27 ga Janairu, 1901, ranar zagayowar haihuwar mai kyautar. In ka ɗaga kai ka dubi cikin ƙubbar za ka ga tambarin sarakunan biyu a jere cikin adon zinariya. Tana tsaye ne kusa da inda ƙofofin sakin dawaki suke a da. Ka ga ko baƙon da ya zo neman ƙawance da kwangilar layin dogo ya san inda ya kamata ya ajiye sunansa.

Injiniya Bashir:
Tunda Hajiya ta ce filin ne kayan tarihi, bari in ɗan tsokane ta. Ni ina ganin an yi wa fagen rowa. UNESCO ta sa yankin cikin wuraren tarihi na duniya tun 1985, amma mai ziyara ba ya ganin komai na ginin fagen sai in ya san inda zai nema. In ka bi gangaren da ke kudu da dandalin ka zagaya, za ka tarar da wata ƙatuwar katanga mai lanƙwasa ta jan bulo da dutse, mai bakuna a toshe. Ita ce ƙarshen fagen na kudu, an gina ta ne don ta tallafi filin a inda tudun ya gangara zuwa teku, daga baya aka mayar da cikinta ma'ajiyar ruwa, yau kuma makaranta ce a samanta. A cikin fadar Ibrahim Fasha, wadda ta zama gidan kayan tarihin Turkawa da Musulunci, ana iya ganin ragowar bakunan da suka ɗauki kujerun yamma. Turawan Ingila sun yi tono a dandalin a 1927 da 1928. Me zai hana a tone ko da sashe ɗaya ne har ƙasan asali, a bar shi a buɗe, mutane su sauka su taka inda aka yi tseren?

Hajiya Maryam:
Injiniya, ranar da aka yi haka, ranar za a sa shinge da ƙofa da mai karɓar tikiti, kuma daga ranar dandalin ya daina zama dandali. Abin da ya tsira daga 'yan Salibiyya da gobara da magina, sai mu kashe shi da sunan ƙauna. Ramuka ukun nan sun isa su nuna wa mai hankali zurfin abin da yake takawa. In ana son ƙari, a gyara katangar kudu, a kwashe motocin da ke jingine da ita, a sa alamun da za su kai mutane can.

Injiniya Bashir:
A kan katangar kudu mun haɗu. A kan tonon kuwa ina nan a kan bakata, domin a bayan masallacin an tono daɓen ado na tsohuwar fada an yi masa gidan adanawa, kasuwar da ke wurin ba ta mutu ba.

Alhaji Sani:
Ni dai ku tone duk inda za ku tone, amma ku bar wa masallata hanya ranar Juma'a. Malam Nasiru, in Allah ya sake kai ka, ka leƙa ramin nan ka ƙirgo mana mutanen da ke jan igiyar, tunda Injiniya ya ce suna nan.

Malam Nasiru:
In sha Allahu, Alhaji. Injiniya, gangaren da ka ce, ta hannun hagu ake bi in an wuce hasumiya mai huji, ko ta dama?

Injiniya Bashir:
Ka bar masallacin a hagunka ka miƙe har ƙarshen dandalin, inda wani babban ginin jami'a ya tare gabanka, sai ka kama titin da ya gangara ta hagu. Kada ka tsaya sai ka waiwaya ka ga katangar ta rufe maka sama.